Ƙari a Doron Tawada

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar, Gwandu

Ya dawo.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin magariba

Tunda na kasa zama wuri guda, bari in rubuta shi da kyau. Ƙarin da na cire wa Tawada a tsakanin kafaɗunta, sati bakwai da suka wuce, ya dawo.

Tawada kyanwar Baba ce. Shekararta tara a zaurensa. Toka-toka ce, da baƙin tabo a gadon baya kamar an kifar mata da kurtu, shi ya sa ya raɗa mata sunan. Littattafan hannu da Baba ya gada suna jere cikin gafakoki a bangon gabas, kuma tun zuwanta ɓera bai sake ɗanɗana takarda a zauren nan ba. Da idon Baba ya tafi, shekara huɗu ke nan, sai aikinta ya ƙaru. A kan buzunsa take wuni. Hannunsa na dama carbi, na hagu doronta.

Na iso daga Kalgo kamar kowace Juma'a, na kafe babur, ta zo tana goga mini ƙafa. Na sa hannu a wurin ɗinkin don in ji daɗin aikina. Sai na ji su. Biyu ne yanzu, masu tauri, kowanne ya kai ƙwallon dabino, kuma ba sa motsi a ƙarƙashin fata.

Baba ya ce, "Likita, ya kaj ji ɗumkin naka?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba."

Haka na ce. Ban ko yi tari ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi, Kalgo

Na wanke babur, na sake wanke shi. Na kwance ƙofar kejin kaji wadda ba abin da ya same ta, na mayar. Matata Jummai ta leƙo daga madafa ta ce in aikin yi nake nema, ga turmi can. Shekara ashirin da uku muna tare, ba ta taɓa tambayata abin da ke damuna kai tsaye ba, sai dai ta yi ta zolaya har in gaji in faɗa. Yau ban faɗa ba.

Maganar "Likita" nan ita ta tsaya mini a wuya. Ni malamin dabbobi ne, ba likita ba, kowa ya sani. Shekara ashirin da shida ina bin rugage da allura. Baba ya so in gaji zaure, na tafi makarantar koyon aikin dabbobi, tun ran nan sunana a bakinsa "malamin awaki". Ba da faɗa ba. Baba ba ya faɗa. Sai dai in baƙo ya tambaye shi aikina, ya ce, "Shina nan, shina bin awaki," ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar da na cire ƙarin nan, a kan tabarma a tsakar gida, ƙanwata Kubura tana riƙe da ƙafafun, na yi aiki mai tsabta. Na kashe wurin, na tsaga, na ɓare abin ya fito ɗungurungum, na ɗinke. Baba ya bi ɗinkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana bi. Sannan ya ce, "Ashe aikin ga naka shina da rana. Sannu, Likita."

Shekarata hamsin da ɗaya. Na zagaya bayan rumbu na ce zan duba man babur, alhali babur yana ƙofar gida.

Litinin, 11 ga Agusta, azahar

An tura mu Wurogauri yi wa shanu rigakafi. Ruwa ya cinye hanya, mun tura mota sau biyu. Ba na son zuwa Wurogauri kwanakin nan. Ba zan rubuta dalili ba.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Na kira Dakta Patience. 'Yar Zuru ce, a hannuna ta yi horonta na zagayen ƙauyuka lokacin tana ɗaliba, ni na koya mata yadda ake kama bijimi ta hanci. Yanzu tana wani asibitin dabbobi a Sakkwato, kuma har yau Malam take ce mini.

Ta yi tambaya uku. Da na tsaga, an ga mugunya? Na ce babu, tsoka ce fara mai tauri. Bayan sati nawa ya dawo? Na ce bakwai. Sannan ta ce, "Malam, an taɓa yi mata allura a daidai wurin nan?"

Layi ya yanke.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Ba layi ne ya yanke ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi, ofis

Ita ta kira yau, ba ta ko yi maganar jiya ba. Na fita bayan ofis ina zagaya bishiyar dogon yaro tana bayani.

Ta ce akwai wani irin ciwon daji da ke fito wa kyanwoyi a inda aka taɓa soka musu allura. Ba karnuka ba, ba awaki ba, jikin kyanwa ne ke da wannan hali. Wurin ya kumbura, kumburin ya ƙi lafawa, bayan wata da watanni, wani lokaci shekaru, ya rikiɗe ya zama ƙari. Ta ce ba kasafai ba ne, cikin dubban kyanwoyi da ƙyar a sami ɗaya, kuma ba dalilin barin rigakafi ba ne ko kaɗan. Shi ya sa yanzu aka ce a riƙa yi musu a can ƙasan ƙafa ko a wutsiya. In abin ya fito a ƙafa, a cire ƙafar, kyanwa ta ci gaba da kama ɓeranta da uku. In ya fito tsakanin kafaɗu, me za ka cire?

Na ce mata ban san wannan ba. Gaskiya ce. Mu abin da aka koya mana, ka damƙi fatar wuya, ka ɗaga, ka soka. Karnuka nawa na yi wa haka?

Ta ce in kawo ta. Na ce sai na ga Baba.

Laraba, 13 ga Agusta, la'asar

To. Littafina ne, ba mai karanta shi.

Shekara biyu da suka wuce wani kare ya ciji yarinya a wajen Dodoru, ta rasu da ciwon haukar kare. Hankalin kowa ya tashi, aka fito da rigakafin karnuka ƙauye-ƙauye. Ranar wata Alhamis muka gama a Wurogauri, ya rage mini allura ɗaya a gindin kwalba. Kwalba in an buɗe ta, ba ta kwana. Kuma ni a rayuwata ban taɓa zubar da rigakafi ba, duk wanda ya yi aiki da ni ya san da haka, har suna mini dariya a kai. In ya rage, sai na nemo mai rai na soka masa.

Daga can na wuce Gwandu da kular ƙanƙara a bayan babur. Baba yana masallaci. Tawada tana kwance a kan buzu. Na san in na tambaye shi zai ce a bar masa mussarsa, ba ta fita, ba ta cizo. Na damƙi fatar wuyanta, na ɗaga, na soka. Ba ta ko yi kuka ba. Na wanke hannu na tari Baba a ƙofa.

Alheri na yi. Yarinya ta mutu a Dodoru. Alheri na yi.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci, Gwandu

Sun ƙaru. Na auna da yatsa, na daman ya kusa kai goro.

Kubura ce ta fara magana. Ita ke kula da Baba tun rasuwar Inna, kuma ba a ɓoye mata abu a gidan nan. Ta tare ni a soron ciki ta ce, "Yaya Ubaidu, abin ga ya komo, ko ba ka gani ba? In kira wanzami shi yi mata sakiya?"

Na daka mata tsawa. Na ce duk wanda ya kawo ƙarfe kusa da kyanwar nan sai na ɓata masa rai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ai kai ma ƙarhe kas sa mata." Ta wuce da kwanonta.

Na shiga wurin Baba na ce wurin ya ɗan tasa, ina so in kai ta Sakkwato a duba.

Ya juyo fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Mi za su yi can wanda ba ka iya ba?"

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na ce hoto kawai za a ɗauka, ni ba ni da na'ura. Ya shafa ta, ya shafa ta, ya ce in sa mata tsohon rawaninsa a kwandon, don ta ji ƙanshin gida.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar, Sakkwato

Tun daga Gwandu har muka iso kuka take a cikin kwando. Wata tsohuwa a motar ta tambaye ni ko biki zan kai ta.

Patience ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban ma'aikatanta, na ji kunya. Ta aske wurin, ta latsa, ta auna. An ɗauki hoton ƙirji. Ta sa ta barci ta yanki ɗan ƙanƙanin nama don a kai gwaji. Sannan ta rufe ƙofa.

Na ce, "Ni na yi mata allurar." Ban san lokacin da ya fito ba.

Ta ce, "Na sani, Malam. Wannan ba laifi ba ne. Da ni ce a shekarun nan, da a nan zan soka."

Har na fara numfashi. Sai ta ce, "Yankan ne matsalar."

Ta ɗauko takarda ta zana. Ta ce abin yana yaudarar hannu. Ka taɓa ka ji shi dunƙule kamar yana cikin jaka, alhali yana da saiwoyi da ido ba ya gani, suna bin tsoka nesa da inda ka ji shi. Ta ce, "Ka san ciyawar kirikiri a gona. Ka tsinke kansa, ka bar jijiya, sati biyu ya fi da yawa." In an ɓare shi kamar yadda na yi, kusan kullum sai ya dawo, cikin wata biyu ko uku, kuma duk inda wuƙa ta bi ya zama wurin zargi. Yankan farko shi ne babbar dama. Wanda ya kamata, a fara gwada ɗan nama, in an tabbatar, a yanke da faɗi ƙwarai, kamar faɗin yatsu uku ta kowane gefe, a yi zurfi har ƙarƙashin tsoka.

Na ce a awaki haka muke yi, ƙurji ya nuna, ka tsaga, ka matse, gobe tana kiwo.

Ta ce, "Eh, Malam. A awaki."

Ba da raini ta faɗa ba. Da raini ne da na sami abin riƙewa.

Huhu dai fes yake a hoton. Ta ce irin wannan ciwo bai cika gudu zuwa huhu da wuri ba, a inda yake yake yin ɓarnarsa. Na riƙe wannan maganar har tasha.

Talata, 19 ga Agusta, safe

Sakamako sai bayan sati guda ko fiye.

Laraba, 20 ga Agusta, azahar

Na je ofis, na dawo gida, na koma ofis. Wani ya kawo rago mai kumburi a muƙamuƙi. Ƙurji ne, makaho ma ya sani. Na tsaya da wuƙa a hannu har mai ragon ya ce, "Malam, lahiya?" Na ce ya dawo gobe.

Alhamis, 21 ga Agusta, la'asar

Na faɗa wa Jummai. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba. Da na gama ta ce, "To yanzu mussar kake tsoro ta mutu, ko sunan Likita?"

Na ce wace irin magana ce wannan. Na fita. Na kai har bakin gada na tsaya ina kallon ruwa ya yi ja, na dawo. Ta ajiye mini tuwo.

Duka biyun. Amma in an matsa mini, na san wanda zan fara ambata, kuma ina jin kunyarsa.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan masallaci, Gwandu

Na shirya maganar tun daga Kalgo, na maimaita ta a kan babur har Kambaza. Da na shiga zaure na tarar da baƙi biyu sun zo duba wani littafi. Baba ya ce musu, "Ga ɗana nan, likita na. Shi yay yi wa mussa aiki."

Na gaishe su. Na sha fura. Na ce hadari ya haɗu, gara in kama hanya.

Ba wani hadari.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ba labari.

Litinin, 25 ga Agusta

Ba labari. Na sake kwance ƙofar kejin.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Shi ne.

Patience ta shimfiɗa mini hanya biyu, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta farko, babban aiki. A cire wurin duka tare da tsohon ɗinkina, da tsokar da ke ƙasa, wataƙila har da ɗan ƙashin da ya taso a gadon baya. Kyanwa za ta sha wuya sati biyu ko uku. In an dace, ta sami shekara, ko fiye, Allah ne masani. Amma tunda yanka na biyu ne, ta ce kada in yi wa kowa alkawari, zai iya dawowa. A ƙasashen da ke da hali ana haɗawa da gashi na na'ura don a kashe sauran saiwoyin. Mu nan mutane ma layi suke bi. Maganin daji na allura kuwa, ta ce taimakonsa kaɗan ne, ba ya maye gurbin wuƙa.

Ta biyu, a bar ta, a riƙa ba ta maganin zafi. Abin zai girma, ya fashe, ya yi wari. 'Yan watanni. Daga nan sai a hutar da ita.

Na ce a yi aikin. Ta ce, "Kyanwarka ce, Malam?"

Na ce ta Baba ce.

Ta ce, "Mai ita zai zaɓa. Kuma ba zai zaɓa daidai ba in yana ganin aikin farko ya yi kyau, wannan ɗan gyara ne. Ka gaya masa duka. In ka ga da nauyi, ba ni shi a waya."

Yarinyar da na koya wa kama bijimi. Na ce a'a, ni zan faɗa. Ta ce kada ya wuce sati, abin ba ya jira.

Alhamis, 28 ga Agusta, la'asar

Zan iya faɗin yankan in bar allurar. Wa ya sani? Ni da Patience da Jummai.

Zan iya faɗin allurar in bar yankan.

Na rubuta waɗannan layuka biyu na zauna ina kallonsu. Ko a takarda ba su yi kyau ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan la'asar, Gwandu

Na faɗa.

Ba baƙi. Tawada tana kan buzu, ta daina yarda a taɓa doron, sai kai kawai. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, inda nake zama ina yaro in an kira ni.

Na ce, "Baba, ƙarin ga ciwon daji na. Kuma ni nij jawo shi. Shekara biyu da sunka wuce niy yi mata allurar rigakahi nan wurin, kana masallaci, ban hwaɗa maka ba."

Carbi ya tsaya.

Na ce, "Aikin da niy yi kuma, wanda kay yaba, ba daidai na ba. Kuskure na. Da na kai ta tun hwarko, da ta hi samun dama. Ni nib ɓata."

Sannan na faɗi hanyoyin biyu yadda Patience ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Kaza ta shigo zauren ta fita.

Ya ce, "Wa yab ba ka izini?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Amana ta, Ubaidullahi. Ba ta magana. Ni za a tambaya."

Ubaidullahi. Ba Likita ba, ba malamin awaki ba. Rabon da ya kira ni da cikakken sunana tun ranar jana'izar Inna.

Ya ce in tashi in kama hanya tun da rana. Na tashi.

Asabar, 30 ga Agusta

Ba kira.

Lahadi, 31 ga Agusta, azahar

Na ɗauki waya sau nawa ban sani ba. Jummai ta ɓoye sukundireba don kada in sake kwance ƙofar keji.

Litinin, 1 ga Satumba, da safe

Kubura ta kira. Ta ce, "Baba ya ce a yi aikin. Ya ce likitar ta yi, ba kai ba. Ya ce kuma kai za ka kai ta."

Na ce ya ce wani abu kuma? Ta ce ya ce a sake sa rawanin a kwando.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan azahar, Sakkwato

Awa uku. Patience ta ce in shiga in tsaya in ina so. Na shiga, na ga inda ta zana da alƙalami a kan fata, zagaye mai faɗi kamar bakin ƙwarya, ɗan ɗinkina yana tsakiya ƙanƙane. Na fita. Na zagaya asibitin har mai gadi ya ba ni benci. Na zauna, na tashi.

Tawada ta farfaɗo. Ɗinkin ya taso daga bayan wuya har tsakiyar baya, kafaɗun sun matso kusa da juna. Kyanwar ta koma rabi. Ta buɗe ido ta dube ni, ta lumshe.

An tura naman gwaji don a ga ko wuƙa ta wuce saiwoyin.

Asabar, 6 ga Satumba, la'asar, Gwandu

Na mayar da ita. Patience ta sa mata 'yar riga don kada ta yi susa, Kubura ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga ɗinkin ta daina.

Baba ya amsa sallamata. Ya karɓi bayanin magani, wanda ake ba ta safe, wanda ake ba ta yamma, ya sa Kubura ta maimaita. Bai kira ni da kowane suna ba. "A ajiye nan." "An gode." Kamar ɗan aike.

Talata, 9 ga Satumba

Kubura ta ce Tawada ta ci kifi kaɗan.

Alhamis, 11 ga Satumba, hantsi

Wata mata ta kawo kyanwa ofis, mijinta malamin makaranta ne, suna so a yi mata rigakafi. Hannuna ya tafi wuyanta da kansa. Na janye. Na sa matar ta riƙe, na yi a ƙafar baya, can ƙasa. Na ce mata ta riƙa taɓa wurin. In kumburi ya wuce wata uku bai baje ba, ko ya fi ƙwallon dabino, ko bayan wata guda yana ƙara girma, ta dawo, kuma kada ta bar kowa ya tsaga. Ta ce, "Ko kai?" Na ce musamman ni.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na je. Tawada tana tafiya a karkace amma ta hau buzu da kanta. Har yanzu Baba bai kira ni da suna ba.

Talata, 16 ga Satumba, azahar

Patience ta kira. Gefe uku wuƙa ta wuce da nisa. Ta ƙasa, wajen ƙashi, da ƙyar ta wuce. Ta ce ba labari mara kyau ba ne, ba kuma mai kyau ba. A riƙa taɓa wurin duk sati. In an ji ko da ƙwayar gero ce, a kira ta ran nan, ba gobe ba. Ta ce zaren ya isa cirewa, ba sai an wahalar da kyanwa a mota ba, in Baba ya yarda in cire.

In ya yarda.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan la'asar, Gwandu

Na faɗa masa saƙon Patience duka, har da maganar wajen ƙashi. Na ce zaren kuma, in ya fi so, in kai ta Sakkwato gobe.

Ya ce, "Ɗauko almakashinka."

Shi ya riƙe ta a cinyarsa, kanta cikin hannun rigarsa. Kubura ta tsaya da kwano. Tawada ta yi gurnani sau ɗaya. Da na gama, Baba ya bi tabon da yatsa tun daga wuya har baya, a hankali, kamar yadda ya bi wancan.

Ban jira yabo ba. Ina haɗa kayana sai ya ce, "Zamna."

Na zauna.

Ya ce, "Ni ma ina da tawa. Sati ukku bayan aikinka nij ji shi. Ƙanƙane, awa ƙwarar gero. Hannuna kullum shina wurin, ya za a yi ban ji ba?"

Na ɗago.

Ya ce, "Niy yi shiru wata guda. In hannuna ya kai wurin, sai in ɗauke. Ran da nit tambaye ka ɗumkin, na sani. So nike ka ce lahiya lau, kac ce, ni kuma nik karɓa." Ya shafa kunnenta. "Shekara ashirin da shidda ban yaba maka ba. Da nis samu na yaba, ban so in maido. Wata gudan ga, ita tab biya shi."

Na so in ce ba laifinsa ba ne, na tuna yadda maganar nan ba ta yi mini amfanin komai ba da aka faɗa mini. Wannan karon ban zagaya bayan rumbu ba, a nan na zauna hawaye suka zubo, shi kuma ba ya gani, Kubura kuwa ta juya tana gyara gafakar da ba ta karkace ba.

Ya ce, "Kowace Jumma'a, ni in taɓa, kai ka taɓa. Kubura ta tsaya nan ta ji abin da kowa zai ce. Mu biyun ga ba a barinmu mu kaɗai."

Kubura ta ce da ma ta daɗe da sanin haka.

Ya lalubo hannuna ya ɗora a doron Tawada. Ya ce, "Hwara yau, malamin awaki."

Na bi tabon daga sama har ƙasa, na sake bi, na danna wajen ƙashin inda Patience ta ce. Fata ce da tabo, sai ɗumin jikinta.

Na ce, "Yau babu komi." Na faɗa da ƙarfi, don Kubura ta ji.